Tsohon doki sai mai sani: maganar tsofaffin kwamfutoci da 'ya'yan talakawa

Kusan kowace ma'aikata tana da wani ɗaki da ba a cika buɗewa ba. Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san shi. Ciki ƙura ce da saƙar gizo, ga karyayyun kujeru, ga tsofaffin takardu an ɗaure da igiya, can a lungu kuma an jibge kwamfutoci ɗaya bisa ɗaya, wayoyinsu sun sarƙe kamar saiwar bishiya. Na taɓa aiki a wani wuri mai irin wannan ɗaki. Ranar da aka aike ni neman wata waya a ciki, karambani ya sa na jawo kwamfuta ɗaya na jona ta. Ta tashi. Na jona ta biyu, ita ma ta tashi. Ta uku ce kawai ta yi ƙara ta ƙi. Da na tambayi abin da ya sa aka zube su, sai aka ce mini an sayo sababbi. Laifinsu ke nan, an sayo sababbi. Na ce to a ba wata makaranta mana, aka ce ai kayan ma'aikata ne, sai an rubuta, sai kwamiti ya zauna. Har na bar wurin kwamitin bai zauna ba, kuma na tabbata damina biyu ko uku sun gama da su ta rufin da yake yoyo.

Tun daga ranar abin yake cina, shi ya sa yau na ce bari in zauna in amayar da shi. Rubutun zai ɗan yi tsawo, mai gaggawa ya yi haƙuri.

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 kaɗai duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62. Abin da aka iya tabbatarwa an tattara an sake sarrafa shi yadda ya kamata bai wuce kashi 22.3 cikin ɗari ba. Idan aka ci gaba a haka, ana sa ran zuwa 2030 za a kai tan miliyan 82 a shekara. Gaskiya dai ba duka kwamfuta ba ce, mafi yawan nauyin nan na firji ne da injin wanki da na'urar sanyaya ɗaki da ƙananan kayan gida. Amma kwamfuta ta bambanta da su ta fuska ɗaya: mataccen firji ba ya koya wa yaro komai, ita kuwa kwamfutar da aka yar tana numfashi za ta iya canza wa yaro rayuwa.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Mutane suna magana kamar ɗan talaka da tsohuwar kwamfuta ba su taɓa haɗuwa ba, kamar mu ne za mu haɗa su. Ai sun daɗe da haɗuwa. A bola suke haɗuwa. Duk wanda ya ga hotunan Agbogbloshie a birnin Accra na ƙasar Ghana kafin a rushe wurin a 2021, ko na garin Guiyu a ƙasar Sin a shekarun baya, ya san abin da nake nufi. Yaro ne riƙe da dutse yana fasa allon kwamfuta, wani yana jujjuya tulin wayoyi cikin wuta da sanda domin robar ta narke jan ƙarfen ya fito. Hayaƙin robar nan guba ne. Tsohon allon nan mai ƙaton ƙeya, gilashinsa cike yake da dalma. Fitilun da ke haska bayan tsofaffin allunan laftof suna ɗauke da zaiba. Dalma kuwa idan ta shiga jinin ƙaramin yaro ƙwaƙwalwa take nufa, ta rage masa kaifin fahimta, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto musamman a kan yara da jujin kayan lantarki, inda ta ja kunnen duniya cewa lafiyar miliyoyin yara da mata masu ciki tana cikin haɗari saboda wannan aiki, kuma cikin yaran da ake samu a irin waɗannan ayyuka har da 'yan shekara 5. Na'urar da aka ƙera domin buɗe ƙwaƙwalwa ita ce take dakushe ta. To tunda haɗuwar nan ba makawa, ni tambayata ɗaya ce: da ranta za ta isa hannun yaron, ko gawarta za a kai masa ya ƙona?

Wani zai ce ai mafita ita ce a gina masana'antun narka shara masu kyau. Ban ƙi ba, ana buƙatarsu. Amma narka kwamfutar da ke aiki asara ce ko da a masana'anta mafi tsafta aka yi. Dalili kuwa shi ne mafi yawan ɓarnar da kwamfuta take yi wa muhalli ta riga ta yi shi tun kafin a ciro ta daga kwali. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a farkon shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa ƙera kwamfutar tebur guda ɗaya da allonta na wancan zamani yana cin kilo 240 na makamashin da ake haƙowa daga ƙasa, irin su kwal da man fetur, da kilo 22 na sinadarai, da ruwa tan ɗaya da rabi. Fasaha ta canza tun daga lokacin, amma hoton bai canza sosai ba: a laftof ta yau, wajen kashi uku cikin huɗu na hayaƙin da take jawowa a tsawon rayuwarta daga haƙar ma'adinai da ƙira yake fitowa, ba daga wutar da take sha a gida ba. Idan ka narka ta, abin da za ka tsira da shi ɗan jan ƙarfe ne da alminiyom da ƙwayar zinariya. Wahalar da aka sha wajen mayar da yashi ya zama ƙwaƙwalwar na'ura kuwa ta tafi a banza. Kamar mutum ne ya rushe gida mai kyau domin ya sayar da ƙusoshi. Kowace shekara da aka ƙara wa tsohuwar kwamfuta, an jinkirta haƙo wani ramin ne a wani wuri.

Sannan mu tambayi kanmu, wa yake yanke wa kwamfuta hukuncin tsufa? Sau da yawa ba ƙarfen ne ya gaji ba, manhaja ce ta juya masa baya. Misali na kusa: ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10. Ita kuma Windows 11 ta zo da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa ta zamani-zamani. Kwamfutoci masu ɗimbin yawa da suke aiki garau ba su cika sharuɗɗan ba. Kamfanin bincike na Canalys ya yi hasashen cewa kusan miliyan 240 za su iya komawa shara ta wannan dalili. Lafiyarsu lau, kawai an rufe musu ƙofa ne. Manyan kamfanoni da bankuna da ma'aikatu dole su canza, domin ba za su yi wasa da tsaron bayanansu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Laifin yana wajen tunanin cewa abin da bai dace da banki ba, bai dace da kowa ba.

A nan ne maganar tsohon doki ta shigo. Wanda ya san hannu, ya san cewa Windows ba ita kaɗai ce babbar manhaja a duniya ba. Akwai Linux, wadda Linus Torvalds ya faro a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finland, kyauta take, kuma tana da 'ya'ya iri-iri. Linux Mint tana da sauƙin sabo ga wanda ya taso da Windows. Lubuntu an yi ta ne takanas domin raunanan na'urori. Akwai kuma ChromeOS Flex ta Google ga inda ake da intanet. A kansu za ka ɗora LibreOffice domin rubutu da lissafi, ba ka biya ko sisi ba, ba ka kuma saci manhajar kowa ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin satacciyar manhaja tana cikin ƙofofin da ƙwayoyin cutar kwamfuta suke bi su shiga.

Aikin ƙarfen ma ba wani sihiri ba ne. A buɗe ta a hure ƙurar da ta toshe fanka, domin da yawa daga cikin kwamfutocin da ake cewa suna mutuwa da kansu zafi ne yake kashe su. A canza man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta idan ya bushe. A ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi da take riƙe aikin da take kan yi. Sannan babban magani: a cire tsohon rumbun ajiya mai faifai da ke juyawa, a sa mata SSD, wato rumbun zamani mai sauri wanda ba shi da faifai. Wallahi wanda bai taɓa gani ba ba zai yarda ba. Kwamfutar da kake kunnawa ka tafi ka dawo ba ta gama tashi ba, sai ka ga ta buɗe kafin ka gyara zama. Wadda uwar allonta, wato babban allon cikinta da ake jona sauran kayan a kansa, ta ƙone kuma ba a yar da ita, kayan cikinta su za su ta da 'yan'uwanta. Daga matattu uku akan haɗa rayayya ɗaya. Kuma idan da dabara, samarin da za a koya wa wannan gyaran su ma sun samu sana'a, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Akwai wani abu da yake hana masu kayan bayarwa wanda ba rowa ba ne, tsoro ne. Kwamfutar ofis tana ɗauke da albashin ma'aikata, da wasiƙu, da sirrin abokan hulɗa. Ta gida tana ɗauke da hotunan iyali. Tsoron yana da tushe, domin goge fayil da hannu ko jefa shi a kwandon shara ba ya share shi, ƙaramin gwani zai iya dawo da shi. Amma maganin a bayyane yake. Akwai manhajojin da suke bin rumbun kaf su rubuta wani abu a kan tsohon bayanin har ya ɓace. Wanda hankalinsa bai kwanta da haka ba, ya cire rumbun ya riƙe abinsa ko ya farfasa shi, ya ba da sauran. Dama sabon SSD za a sa. Ba a kashe doki don a ɓoye sirdi.

To yanzu bari in juyo kan 'yan'uwana masu son alheri, domin a nan ne na fi samun saɓani da mutane.

Akwai karin maganar da na tsana a wannan fage: da babu gara ba daɗi. Da ita ake fakewa a kwashe tarkace a kai wa marayu. Laftof mai kumburarren baturi, allo ya tsage, madannai biyar sun fita, babu caja, a ɗaure ta da kyalle mai ƙyalli, a jera yara a ɗauki hoto a sa a Facebook. Bayan sati biyu ta mutu. Mai kyauta ya sha addu'a da yabo, ya kuma huta da neman inda zai zubar da shararsa. Yaron kuwa an bar shi da gubar da bai san yadda zai yi da ita ba, da baƙin cikin abin da aka ɗanɗana masa aka ƙwace. Baturin da ya kumbura ma wuta yake iya kamawa a ɗakin da yara suke kwana. Wannan ba kyauta ba ce, sauke nauyi ne a kan wanda ba shi da bakin ƙi. Ma'auni mai sauƙi ne: idan ba za ka iya ba ɗanka na cikinka ya yi aikin makaranta da ita ba, to ba ta kai a ba ɗan wani ba.

Abin da mutum ɗaya yake yi a ƙarami, ƙasashe sun daɗe suna yin sa a babba. Yarjejeniyar Basel ta 1989 an ƙulla ta ne domin hana ƙasashe masu arziki jibge shara mai guba a kan matalauta, kuma har yau Amurka ba ta zartar da ita ba. Ƙasashen Afirka suka ga ba ta ishe su ba, suka yi tasu a Bamako a 1991. Amma 'yan kasuwa sun gano ɓaraka: idan ka rubuta a jikin kwantena cewa kayan hannu ne masu aiki, ko gudummawa ce ga makarantu, sai ta wuce. A buɗe a tarar wani kaso mai yawa matattu ne. Sai daga Janairun 2025 aka tsaurara dokar ta yadda kowace irin sharar lantarki sai ƙasar da za a kai wa ta amince tukuna. Saboda haka idan na ji wani yana ɗari-ɗari da kalmar gudummawar kwamfuta, ba na ganin baƙinsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Akwai dai masu yin abin da gaskiya, irin ƙungiyar Computer Aid da aka kafa a Ingila a 1997, waɗanda suke gwada kowace na'ura su share ta kafin ta bar hannunsu. Bambancin yana wajen gwajin nan.

Ko da kwamfutar lafiyayya ce, ita kaɗai ba ta karantar da kowa. Duniya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. A 2005 Nicholas Negroponte ya fito da shirin laftof ɗaya ga kowane yaro, aka yi ta yayata kwamfutar dala 100. Ƙasashe irin su Uruguay da Peru suka saya da yawa suka raba. Da masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka bi sawun abin a ƙauyukan Peru, sai suka tarar yara sun iya sarrafa na'urar ƙwarai, amma sakamakonsu a lissafi da karatu bai ɗaga ba. Sababbi ne fa, an ƙera su musamman domin yara. Ina ga tsohuwa da aka ajiye aka juya baya? Uruguay ta fi cin moriyar nata shirin, wanda ta fara a 2007, domin ba ta tsaya ga rabo ba, ta haɗa da intanet a makarantu da horar da malamai da wuraren gyara. Malami shi ne rabin aikin. Idan malamin da kansa yana tsoron taɓa linzamin kwamfuta, ƙarshen labarin sananne ne: za a lulluɓe su da zane, a sa wa ɗakin kwaɗo, a riƙa buɗewa ranar da baƙi za su zo. Na ga wannan da idona, kuma ya fi ɗakin ajiyar ofishinmu ciwo, domin a nan yaran suna wucewa ta bakin tagar kullum suna leƙe.

Ana yawan ce mini ai yanzu kowa yana da waya, mece ce kuma ta tsohuwar kwamfuta? Waya tana da amfani, amma galibi kallo ake yi da ita. Ka gwada rubuta doguwar takarda a waya, ko jera lissafi a jadawali, ko koyon rubuta manhaja, za ka gane. Yaron da ya iya sa yatsu goma a kan madannai, ya san yadda ake adana fayil a nemo shi, ya riga ya tsallake wani shinge da yake kayar da manya a wajen neman aiki da jarrabawar da ake yi a kwamfuta. Akwai ɗalibai masu ƙoƙari da suke faɗuwa irin wannan jarrabawa ba don ba su san amsa ba, sai don ranar ce ta farko da suka zauna gaban allo.

Rashin intanet ma ba hujja ba ce, duk da cewa matsala ce babba. Rahoton haɗin gwiwa na UNICEF da hukumar sadarwa ta duniya a 2020 ya nuna yara biliyan 1.3 'yan shekara 3 zuwa 17, wato biyu cikin uku na yaran duniya masu shekarun makaranta, ba su da intanet a gida. Amma akwai Kiwix, wadda take ɗauke Wikipedia sukutum ta zuba a kwamfuta, har da ta Hausa, a karanta ba tare da layi ba. Akwai Kolibri mai ɗauke da darussa da bidiyo. Akwai Scratch ta jami'ar MIT, inda yaro yake jera umarni kamar tubali ya ƙirƙiri wasansa da kansa. Duk waɗannan tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsu ba tare da nishi ba. Inda wuta take wahala kuwa, laftof ta fi ta tebur nesa ba kusa ba, domin kaɗan take sha, ƙaramin farantin sola ma ya ishe ta.

Ni a ra'ayina, a yawancin lokuta ɗaki ɗaya na kowa da kowa ya fi rabon gida-gida. Kwamfuta goma a wuri ɗaya, da mai kula, da lokacin buɗewa tsayayye, za su ɗauki yara masu yawa bi da bi. Wadda aka kai gidan da ake fama da abin sawa a baki, ko dai a sayar da ita ranar da ciwo ya shigo, kuma babu mai zargin uba a kan haka, ko babban wa ya mallake ta, ƙanwar da aka bayar dominta ta koma 'yar kallo. Ina jaddada wannan na 'ya'ya mata. Idan ba a ware musu lokaci da gangan ba, maza za su cika kujerun tun kafin su iso, kuma ba wanda zai lura.

Sai abu na ƙarshe da kusan kowa yake mantawa: kwamfutar nan za ta mutu. Gyara yana ƙara mata shekara uku, huɗu, wataƙila biyar, amma ba ya hana ajali. Idan wanda ya kawo ta bai yi tanadin ranar ba, jinkirta bolar kawai ya yi, ya kuma matsar da ita kusa da gidan talaka. Duk ƙungiya ko kamfanin da zai ba da kwamfutoci, ya kamata a tambaye shi tun ranar farko: wa za a kira idan ta lalace, kuma wa zai zo ya ɗauki gawar ya kai ta inda ake narkawa da ƙa'ida? A rubuta lambar kowace ɗaya a littafi, a san inda take. Masu ƙera su ma suna da nasu kason. Faransa ta fara tilasta wa kamfanoni liƙa makin sauƙin gyara a jikin laftof da waya a 2021, domin mai saye ya san ko abin da zai saya yana buɗuwa da sukurudireba ko an manne shi da gam. Laftof ɗin da aka narke RAM ɗinta a jikin uwar allo, aka manne baturinta, tun daga masana'anta aka rage mata damar yin rayuwa ta biyu.

Ni dai akwai wata tsohuwar laftof a ƙarƙashin gadona da ta shekara huɗu ina cewa wata rana zan ciro hotunan da ke ciki. Jiya na ciro su. Baturin ya mutu, madannin harafin "k" yana maƙalewa, sauran kuwa lafiya lau. Na sa an nemo mini baturi da madannai, ranar Asabar zan ɗora mata Linux Mint. Malamar da za ta karɓa ta ce in zo da wuri, tana so in fara nuna mata kafin yaran su iso.